Bayan La'asar Babu Kowa a Ɗakin

Har yau ban manta da ranar Asabar ɗin da na kwance cikin wata na'urar goge ƙasa na tarar da toka da gutsattsarin gawayi ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin tsofaffin ma'aikata suna tsokanata da "Saratu mai turare", kuna taya su dariya ba ku san mafari ba. To yau zan faɗa muku, da bakina, kafin wani ya ba ku shi da ƙarin gishiri.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyu a shagonmu na kayan sola da na'urorin gida a nan Maiduguri. Ga wanda bai san tsarin ba, akwai manaja a sama, shi ke hulɗa da masu kawo kaya. Ƙarƙashinsa akwai shugaban sashen gyara, wanda a lokacin Injiniya Bukar ne. Sai mu masu girkawa, da ke bin kaya har gidan wanda ya saya mu haɗa, mu gwada, mu koya wa mutanen gida. Ni kaɗai ce mace a cikin masu girkawa, kuma ba don na fi kowa iya riƙe sukundireba aka ɗauke ni ba. Gidaje da yawa a garin nan baƙo namiji iyakarsa falon waje, ita kuwa na'urar goge ƙasa aikinta har uwar ɗaka ne. Duk gidan da aka sayi ɗaya, ni ake turawa.

Ita na'urar faɗinta bai wuce faifai ba. Tana da buroshi a ƙasa da ke share datti, da tsumma biyu masu juyawa a baya da ke goge tayil da ruwa. Tana da mazauni a jikin bango, inda take komawa ta yi caji ta wanke tsummanta. Ranar girkawa akan sake ta ta zagaye gida, ta zana taswirarsa, taswirar ta fito a waya. Mai girkawa sai ta ja jan layi a duk inda ba a so ta shiga, sannan ta sa mata lokacin fita. Daga nan, da kowa ko babu kowa, in lokaci ya yi za ta fito. Abu mai nauyi kamar kujera, in ta taɓa shi ja baya take yi ta kauce. Abu marar nauyi kuwa ba ta cika jin sa ba, tura shi take yi ta ci gaba da tafiyarta. Duk wannan na san shi tun a makon farko na aiki.

Wata Litinin aka tura ni gidan Hajja Yagana, wata dattijuwa mai faran-faran da jama'a. Na tarar da gidan a hargitse, domin saura kwana goma sha biyu bikin autarta Zara. Tela na fita mai lalle na shigowa, waya kuma ba ta bar kunnen Hajja ba. A tsakanin kira biyu ta gaya mini dalilin sayen na'urar. Ba don kanta ba ne, don Ya Kaltum ce, mai aikinta da ke zuwa kullum daga unguwar Gwange tun Zara tana rarrafe. Gwiwoyinta sun fara ciwo, kuma ta ƙi yarda a ɗauko wata ta taya ta.

Ya Kaltum ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani, doguwa, siririya, ƙamshi na bin ta duk inda ta juya. Ta yi mini "wushe", gaisuwar Kanuri, sau biyu, sannan ta tsaya ta ƙare wa na'urar kallo.

"Wannan kunkurun ne zai gaje ni?" ta ce.

"Taya ki zai yi, Ya Kaltum."

"To ki gaya masa bayan ƙofa nake fara dubawa."

Na yi dariya, ita ma ta yi. A ranar na ji daga bakin mai lalle cewa goge-goge ba shi ne ainihin sunan Ya Kaltum a garin ba. Turaren wuta ne. Ita ke haɗa na gidan da hannunta, kuma in za a aurar da yarinya a dangin Hajja ko ƙawayenta, ita ake aro ta je ta turara kayan amarya. Mata kan ce in ta turara laffaya, dogon mayafin nan na matan Borno, ko an wanke ta sau uku ƙamshin yana nan.

Soket ɗin da ke kan layin sola, wanda ba ya ɗaukewa, yana falon ciki na Hajja, ƙarƙashin wani tebur. Nan na kafa mazaunin. Na'ura ta zagaye gida da hantsi, ƙasa fes babu komai a kai, taswira ta fito tsaf. Na ja jan layi a bakin banɗaki da wurin sallar Hajja. Saura lokaci. Ya Kaltum ta riga ta koma kicin, Hajja kuma tana faɗa da mai kawo kujeru a waya. Na jira ta ɗan numfasa na jefa mata tambayar da ke cikin takardarmu ta girkawa, yadda take a rubuce.

"Hajja, wane lokaci ne babu kowa a ɗakin nan?"

"Bayan la'asar," ta ce, hannunta a kan bakin waya. "Rufe shi muke yi har magariba."

Na ji daɗin amsar. Ɗaki a rufe, babu yara, babu ƙafar da za ta taka jiƙaƙƙen tayil. Na sa ƙarfe huɗu da rabi na kowace rana, na ce mata na sa lokaci, ta ce "to, to" idonta a wani wurin. Ina da gidaje biyu a gabana ranar, na haɗa jakata na fita. A unguwar Wulari aka haife ni. Mu 'yan kudancin Borno ne, amma maƙwabtanmu ta kowane gefe Kanuri ne, hayaƙin turarensu na shaƙa tun ina goye. Na san sarai abin da ke sa matar garin nan ta rufe ɗaki bayan la'asar. Sai dai a ranar hankalina yana kan cike takarda, ban tambayi dalili ba.

Ranar Asabar da safe direban Hajja ya kawo na'urar shago a cikin kwalinta. Ya ce tana ƙara kamar injin markaɗe, kuma tana wari. Na ɗora ta a kan teburin gyara na juya ta. Buroshin ya cushe da toka. A cikin akwatin datti akwai gawayi ƙanana-ƙanana. Tsumman sun yi baƙi, robar gaba ta narke a wuri ɗaya daidai faɗin babban yatsa. Da na ja wani zare da ya naɗe a jikin buroshi, sai ya biyo hannuna, ja mai duhu da ratsin ruwan zinare, bakinsa a ƙone.

Na kira Hajja, na ce na ga toka a ciki. Muryarta ta fito a gajiye.

"Ai ragowar ta ranar Alhamis ce ta kwasa, 'yata. Allah ne ya tsare, da gidan ya tafi."

Ta ba ni labari. Akwai wata laffaya ta mahaifiyarta marigayiya, wadda duk 'yar da aka aurar a gidan ita take yafawa ranar wushe-wushe, daren bikin da ake marabtar ango a gidan amarya. Yayyen Zara uku duk sun yafa ta. Ranar Alhamis Ya Kaltum ta fara turara ta. Ta kafa kabbasa a tsakiyar falon ciki, wato kwandon nan marar nauyi da ake kifawa a kan kaskon garwashi a lulluɓe shi da tufafi don hayaƙi ya ratsa su. Ta ja ƙofa ta fita kamar kullum. Wajen biyar da kwata aka ji ƙauri. Da aka buɗe, kabbasa a kwance, kasko a kife, rabin laffayar ya cinye.

"Kaltum ta rantse ta kafa shi daidai," in ji Hajja. "Amma wa ya shiga bayanta? Babu. Tsufa ne, Saratu, ba ya sallama. Na ce ta je gida ta huta har a gama biki."

Ina ajiye waya na buɗe manhajar na'urar. Takan ajiye tarihin duk fitar da ta yi, da layin hanyar da ta bi a kan taswira. Talata da Laraba layukan a miƙe suke, ta kewaye wani abu ƙarami a bayan ƙofa, wato kaskon turaren yau da kullum, mai nauyi, ta wuce. Na Alhamis kuwa, ta fito huɗu da rabi daidai. Da ta iso tsakiyar ɗaki, inda taswirata ta ce fili ne, sai layin ya cukurkuɗe. Ta tura, ta ja baya, ta sake turawa, har sau biyar. Daga nan ta bi ta kan wurin ta share ta goge, ta koma ƙarƙashin teburinta kafin biyar. Lokacin da mutanen gida suka banko ƙofa, tana zaune a mazauninta shiru. Ko kallon inda take ba wanda ya yi, don Hajja ba ta ma riƙe cewa tana fita da kanta ba, Ya Kaltum kuwa ba ta nan aka sa lokacin.

Na ɗauki waya da zaren na shiga ofishin Injiniya Bukar. Mutum ne mai sanyin magana, kuma shi ya koya mini rabin abin da na sani, don haka kada wani ya fita nan ya ce na zage shi. Ya daɗe yana kallon taswirar. Ya gane kafin in gama bayani.

"Wa ya gani ban da ke?"

"Babu kowa, Injiniya."

"Su me suka ce?"

"Sun ce mai aikinsu ce."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce in tuna matan da za su cika gidan nan a satin biki, su ne masu sayen kayanmu, kuma da yawansu sun sa a ajiye musu irin na'urar saboda sun ji Hajja ta saya. Ya ce in labari ya fita cewa kayanmu na tayar da gobara, ba wanda zai tsaya jin bayanin lokaci da taswira, kuma manaja sunana zai fara nema a takardar girkawa.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba," ya ce. "Ki wanke ta, ki canza robar gaba, ki mayar da lokacin zuwa safe. Ranar Litinin ki kai musu. Laffaya dai ta riga ta ƙone. Ita kuma baiwar Allah an ce ta huta ne, ba korarta aka yi ba."

Na ce to. Ina so ku ji wannan da kyau, domin masu ba da labarin nan sukan tsallake shi don su kyauta mini. Na ce to, kuma na ji sauƙi a raina da na faɗa. Na wanke buroshi, na sa sababbin tsumma, na jefa tsohuwar robar a kwandon shara. Zaren ne kawai na kasa jefarwa, na cusa shi a aljihun jaka.

Sauƙin bai kai yamma ba. Ranar Lahadi na je coci, na tashi da masu tashi na zauna da masu zama, amma ko a yanka ni ban san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Na dawo gida na kasa zaune na kasa tsaye. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na buɗe taswirar nan ya fi sau ashirin, kamar in na ƙara dubawa layin zai miƙe. Mamana ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na yi mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na dawo ina ba ta haƙuri. Da la'asar maƙwabciyarmu ta sa turare, ƙamshin ya tsallako katanga, sai na shige ɗaki na rufe taga.

Ina ta kawo wa kaina hujja. Ai Hajja ce ta ce babu kowa. Ai takardar ce ba ta da tambayar. Ai bayan biki za a mayar da ita aikinta, kowa ya manta. Kowace hujja takan riƙe ni minti goma, sannan ta sake ni.

Litinin na kai na'urar. Na tarar da falon cike da mata, 'yan'uwa da ƙawaye, ana tsince kayan lefe ana hira. Na durƙusa ƙarƙashin tebur ina haɗa waya, na mayar da lokaci zuwa tara na safe ba tare da na ce wa kowa komai ba. Ina nan durƙushe hirar ta juyo kan Ya Kaltum. Ƙanwar Hajja ta ce ita ta daɗe da lura matar ta fara mantuwa. Wata ta ce dama ta yi niyyar aronta don kayan 'yarta bayan sallah, amma yanzu ta fasa, wa zai ba da kayan amarya a mayar masa da toka. Wata kuma ta ce haka kakarta ta fara, daga wuta sai ɓatan hanya. Ba da mugunta suke faɗa ba, har da "Allah sarki" a ciki. Hajja kuwa tana ta ninke atamfa ɗaya.

Na ce a raina bari su ragu in ja Hajja gefe. Ba su ragu ba, ni kuma na ji daɗin rashin raguwarsu. Aka kawo mini ardeb, ruwan tsamiya mai sanyi, na shanye, na yi godiya, na fita. A cikin keke napep har shago ina jin kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba.

Talata ban tsinana komai ba. Na ɗaure fanka na manta sukurori biyu a tafin hannuna. Wajen azahar na ajiye aiki na shiga kasuwar Gamboru na sayo kabbasa da ƙaramin kasko. Wani ɓangare na zuciyata yana fatan gwajin ya wanke ni, na'urar ta kewaye abin ta wuce, in ce to ashe ba ita ba ce. Na kafa shi a tsakiyar ɗakin gyara, na cika kaskon da yashi maimakon garwashi, na lulluɓa tsohon zani har ƙasa yadda ake yi. Na saki irin na'urar da muke nuna wa masu saye, na kunna bidiyon waya.

Ta zo ta taɓa zanin, ba ta ji komai ba, ta shige. Kabbasa ya ja baya. Ta sake turawa, bakinsa ya kama kaskon. A turi na huɗu duk suka kife, zanin ya kwanta a kan yashi. Ta bi ta kai tana sharewa hankalinta kwance.

Injiniya Bukar yana tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da ya zo ba. Na ce masa gobe zan je in gaya wa Hajja. Ya dubi zanin da ke kan yashi.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

"To ni ban aike ki ba," ya ce. "Ban kuma hana ki ba." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ki tafi da bidiyon. Baki kaɗai ba za su gane ba."

Laraba da sassafe na isa, kafin mata su taru. Na samu Hajja ita kaɗai tana shan shayi. Na zauna a ƙasa na ajiye zaren a gabanta, na nuna mata taswirar Alhamis, na nuna mata bidiyon. Na ce ni na sa lokacin, ni ce ban tambayi abin da ake yi a ɗakin in an rufe shi ba. Ta kalli bidiyon sau biyu. Na shirya wa faɗa, har na fi son a yi mini shi, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki zaren ta naɗe shi a yatsa.

"Shekara ashirin da wani abu," ta ce, "ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ta rantse a gabana na ce tsufa ne." Ta miƙe ta kira direba. "Tashi. Da bakinki za ki faɗa mata."

Gidan Ya Kaltum yana can cikin Gwange, inda mota ba ta shiga, sai da muka taka. Ɗanta da matarsa take zaune da su. Mun same ta a tsakar gida a kan tabarma, hannuwanta a kan cinya, ba ta yin komai. Ban taɓa ganin hannun matar nan a zaune ba sai ranar. Ta yi mana wushe, ta sa surukarta ta kawo ruwa. Hajja ta zauna kusa da ita a kan tabarmar, abin da na ga ya ba ta mamaki.

Na maimaita bayanina. Ba ta gane taswirar ba, ta ce in bar zane-zanen nan. Na miƙa mata bidiyon. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta tana kallo, har inda kabbasan ya kife. Ta ce in mayar. Na mayar. A karo na uku ta sa yatsa a kan gilashin daidai ƙafar kabbasan kafin na'urar ta iso.

"Nan a tsaye yake," ta ce.

"A tsaye yake, Ya Kaltum."

"Nawa ma a tsaye yake."

"A tsaye kika bar shi."

Ta ajiye wayar a hankali. Hajja ta kama hannunta tana magana da Kanuri, ƙasa-ƙasa, hawaye na zubo mata. Ban ji duka ba, amma na ji neman gafara a ciki, na ji kuma ta ce a gaban matan da aka faɗi maganar, a gabansu za ta warware ta. Ya Kaltum tana gyaɗa kai. Ni har na fara jin nauyin ƙirjina yana sauka. Sai ta juyo gare ni.

"'Yata, yaushe kika gane?"

Da na ce jiya, da ba wanda zai ƙaryata ni, tunda jiya na yi gwajin. Na ce, "Ranar Asabar."

Ta ƙirga a yatsunta, ba da fushi ba, kamar mai lissafin kwanan wata. Asabar, Lahadi, Litinin, Talata.

"Har ranar Lahadi ina gaya wa kaina na kafa shi daidai," ta ce. "Ina rufe ido ina ganin hannuna yana kafawa. Ranar Litinin na ce, Kaltum, kowa ya ce kin manta, ke kaɗai kike cewa ba ki manta ba, ai mai mantuwa haka yake cewa. Na kira yarinyar nan na ba ta kaskona da kwalaben turarena. Na ce ko na roƙe ta, kada ta ƙara bari na taɓa wuta."

Surukar tana tsaye a bakin kicin, ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito bai kai rabin abin da ke cikina ba. Ya Kaltum ta ce ta yafe, ta ce Allah ya yi mini albarka da na zo. Wannan albarkar ta fi zagi yi mini ciwo.

Abin da Injiniya ya hango ya faru. Hajja ta cika alkawarinta a gaban mata, labari ya zaga gari, wasu suka fasa saye. Manaja ya ba ni takardar gargaɗi, aka ɗauke ni daga fita gidaje na wata uku, ina zaune a teburin gyara. Hajja ba ta dawo da na'urarta ba, ta dai sa aka fitar da mazaunin zuwa baranda. Zara ta yafa wata laffayar ranar wushe-wushe, Ya Kaltum ce ta turara ta. Injiniya Bukar da kansa ya zauna ya sake rubuta takardar girkawa, shi ya sa yanzu kuke tambayar inda ake ajiye kasko, da inda ake shimfiɗa abinci a ƙasa, da inda ake kwantar da jariri, kuna gunaguni wai tambayoyin sun yi yawa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, taswirar da na'ura ta zana da hantsi ba ita ce gidan ba. Gida yana canzawa daga safe zuwa yamma, kuma wadda ta san yadda yake canzawa galibi ba ita ce ta sa hannu a takardar saye ba, tana kicin. Ku nemo ta ku tambaye ta. Na kuma koyi cewa in kayanmu suka yi ɓarna a gidan mutane, ba sa tsayawa su amsa laifi, kan wanda ya fi kowa rauni a gidan laifin yake faɗawa. Kuskure kowa zai yi, ni ma zan ƙara yi. Amma in kun gane naku ne, ku faɗa a ranar, kada ku kwana da shi.

Ina zuwa gidan Hajja duk bayan wata uku in duba na'urar. Ya Kaltum tana nan, ana ta aronta gidajen biki kamar da, hannunta bai canza ba. Sai dai in ta kafa kabbasa ta ja ƙofa, ba ta kaiwa kicin. Takan tsaya a tsakiyar baranda, ta dawo ta buɗe ta leƙa, ta rufe, ta yi taku kaɗan ta sake dawowa. Hajja ta ce da ba ta yin haka. Wannan ba na'ura ce ta sa mata shi ba. Kwana huɗun da na yi shiru ne.